Na Je Maraɗi Karɓo Layukana

Tun ranar da na dawo daga Maraɗi ban sha shayi cikin natsuwa a majalisarmu ta bakin masallaci ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Garba Tafireta, wai da gaske don layin rubutu ka ƙetare iyaka?" Wani ya ce a'a, aure na je nema. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, karatuna bai wuce firamare ba, amma na yi shekaru ina buga tafireta a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, kusa da kotu a nan Sabon Birni. Mai koke ya zo, mai neman aiki ya zo. Abin da aka san ni da shi shi ne gefen dama na takarda. Idan ka ɗaga aikina ka duba, bakin layukan a jere suke kamar an ja musu igiya. Kafin ƙararrawar injin ta kaɗa na riga na san kalmar da za ta rufe layi. Ban taɓa barin kalma ɗaya tilo ta sauka ƙasa ita kaɗai ba, kamar ɗan akuyar da garke ya tafi ya bari.

Da sana'ar ta mutu, sai na koma buga abin da na tuna na zamanin da: kasuwarmu, mahauta, masu ginin rijiya, 'yan koli da ke zuwa daga Isa, matan Fulanin Turba masu nono. A 'yan shekarun nan da zaman ƙauyuka ya gagara, mutanenmu sun watse, wasu Sakkwato, wasu Nijar. Sai Rabi, ɗiyar aminina marigayi Ummaru na Unguwar Lalle, wadda ke aure a Maraɗi kuma ta yi karatun kwamfuta, ta buɗe wani shafi a intanet don mutanen ƙasarmu su riƙa jin labarin juna. Ta roƙe ni rubutun. Na je shagon kwamfuta na sake buga rabin farko da hannuna, ina danna maɓallin sauka a ƙarshen kowane layi, yadda na saba tura kan tafireta. Aka aika mata.

Ranar da maƙwabcina ya nuna mini shi a wayarsa, sai da na cire tabarau na goge. Layukana sun ɓace. Inda na rufe layi, wayar ta wuce. Inda ban rufe ba, nan ta yanke. Na karɓi wayar wani na duba, ita kuma wani wurin daban ta yanke. A ƙasan wani sakin layi na ga kalmar "su" ita kaɗai tana zaune. Raina ya ɓaci. Na kira Rabi na faɗa mata maganar da har yanzu nake jin kunyarta. Na ce ubanta bai taɓa sa hannu ya gyara mini takarda ba, ta cire rubutuna, rabin na biyu kuwa ba za ta gan shi ba.

Ta ce, "Baba, wagga magana ba ta waya ba ce. Ka taho. In ka gani da idonka ka ce in cire, gabanka za ni cirewa."

Ni mutum ne mai taurin kai, na daɗe da sanin haka, sanin bai hana ni komai ba. Na naɗe takardun rabin na biyu cikin leda, ba don in ba ta ba, don in nuna mata yadda ake jera layi.

Tanko ne ya ɗauke ni, wani magidanci da ke kai kaya Nijar a kan mashin. Bai gaya mini buhun barkono zai ɗaura a bayana ba. Tun daga fitarmu gari har Burkusuma atishawa nake yi, shi kuwa yana ta cewa, "Yarhamukallahu, Baba," har ya gaji ya ce in riƙa amsa wa kaina. Lokacin kaka ne, an yanke gero, amma gonaki da yawa ciyawa ce tsaye a cikinsu. Mun wuce wani ƙauye inda na taɓa kwana uku wajen bikin wani ɗan dambe. Rijiyar tana nan, gugan babu. Tanko bai rage gudu a wurin ba, ni ma ban ce ya rage ba. A Burkusuma muka sha fura, mai furar ta dube ni ido ja, hanci na zuba, ta ce ko rasuwa aka yi mini. Na ce barkono ne. Ta ƙara mini nono don tausayi.

Iyakar ta nan ba ƙofa ba ce, igiya ce da rumfa da jandarmomi. Wanda ya tare mu Bazabarme ne dogo. Yana ganin zanen fuskata ya fara murmushi, don kun san tsakaninmu Gobirawa da su wasa ne tun kakanni.

"Bawana, ina zuwa ba ka sanar da ubangidanka ba? Kawo kat dantite."

Na miƙa masa katin shaidata na ce, "Za ni Maraɗi in karɓo kayana."

Ya kwance ledar, ya ga takardu. Ya kira abokin aikinsa yana dariya. "Zo ka gani, Bagobiri da takarda! Na zaci tuwo ne ya ɓoye."

Na ce, "Ku da kunka ga hula da bindiga sai ku mance wa yak koya muku cin tuwon."

Ya ɗaga takarda ɗaya ya duba, ya juya ta, ya ce wannan kyakkyawan aikin tsohon inji ne, ubansa ma akawu ne a zamanin da. Ya ba ni ruwan sanyi a leda, ya ce in gaida bayinsa na Tsibiri, garin Gobirawan Nijar. Wannan yabon ya ƙara mini ƙarfin faɗan da zan je yi. Da ya san abin da ya jawo da bai yaba ba.

A Gidan Rumji na sauka wajen Malam Bube, tsohon malamin dabbobi na Turba, wanda muka yi samartaka tare. Ya koma can da iyalinsa tun da aka kore masa shanu. Matarsa Dije ta rasu a can, ni kuwa sai ta waya na yi masa gaisuwa, ina cewa hanya ba kyau. Hanyar da na ƙi bi don ta'aziyya, ga shi na bi ta don layi. Da ya rungume ni a ƙofar ɗakinsa na zana ban iya kallon idonsa ba. Shi kuwa bai ɗaga maganar ba, sai ya ce na tsufa fiye da shi, kuma ba mamaki tun da Haɓe ba su shan nono.

Bayan la'asar muka zauna a tabarma, surukarsa ta kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Sai ya ɗauko wata ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, a can salula suke ce mata. Ya buɗe rubutuna. Idonsa ya yi rauni, an ƙara masa girman baƙaƙen har kalma uku ko biyu ke cika layi. Na ce inna lillahi.

"Bube, haka kake karanta shi? An yanka shi kamar naman tsire!"

"Garba, ni ban ga layi ba. Na ga rumfar mahauta, na ji warin kasuwa. Sau nawa ni karanta shi ban sani ba. Ina sauran?"

Na ce sauran yana cikin leda, kuma nan zai zauna. Ya miƙo hannu, na zaro masa takarda ɗaya. Ya kai ta kusa da ido, ya nisantar, ya juya wajen haske. Baƙaƙen tafireta sun yi masa ƙanana. Ya mayar mini ya ce, "Tana da kyau ƙwarai. Ban ga komi ba."

Washegari na shiga motar Maraɗi. Mun bi ta Tsibiri, na yi wa kakanninmu addu'a ta taga. Maraɗi Hausa ce kamar tamu, fuskokin ma namu ne, amma sai ka ji abu ya bambanta. Makaranta lakkwal ce, malami mushe ne. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa da tauri, na gatsa na farko haƙorina na gaba ya yi motsi. Da rana tsaka kuma sai a rufe wurin aiki kowa ya tafi gida ya ci abinci ya kwanta. Na tuna yadda muke wuni a gindin bedi da rogo da ƙuli, na ce waɗannan sun fi mu dabara. Ɗan kabu-kabun da ya kai ni unguwar su Rabi ya zagaya da ni sau biyu, don na ce masa kusa da asibiti, su kuwa likita suke ce wa gidan, shi ya zaci wani mutum nake nema.

Rabi ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni kamar ban taɓa gaya mata baƙar magana ba. Goshin Ummaru ne sak a fuskarta. Ta kawo dambu da zogale, ta hana a yi zancen aiki sai na ci na huta. Mijinta, mushe ne a wata lakkwal, ya ba ni ɗakinsa na baƙi.

Da hantsi ta kai ni ɗakin aikinta. A kan tebur akwai kwamfuta, sai wayoyi a jere, manya da ƙanana, sababbi da tsofaffi, wata ma an ɗaure ta da roba. Na ce ko sayar da waya take yi. Ta ce a'a, duk abin da ta sa a shafi sai ta duba shi a kowacce, don mutanenmu ba waya iri ɗaya ke hannunsu ba.

"Baba, ga rubutunka yadda ka aiko shi, ban taɓa komi ba."

Ta buɗe shi a kwamfuta. Ga layukana a jere, kamar an ja igiya. Na ce, "To! Wanga shi ne aiki."

"Yanzu duba shi nan."

Ta miƙo mini ƙaramar waya irin ta Bube. Layi ɗaya ya cika, na ƙasansa kalma biyu, na gaba ya cika, na ƙasansa kalma ɗaya, haka har ƙasa, kamar haƙoran tsohon zarto. Layina ya fi faɗin wayar, sai ta karya shi, sannan ta zo inda na danna maɓallin sauka ta sake karyawa. Na ce wayar ce ba ta da kyau. Ta miƙo wata. Ita ma haka, sai dai wurin karyar ya sake.

Ta ce takarda faɗinta ɗaya ne, shi ya sa mai tafireta ke da ikon layi. Shafin intanet kuwa ba shi da faɗin kansa. Akwai manhajar da ke buɗe shafi a cikin kowace waya, burauza ake ce mata, ita ke auna faɗin gilashi da girman baƙaƙen da mai wayar ya zaɓa, ta yanke layi. Abin da ta yi wa rubutuna shi ne ta cire tsaidawar da na yi, ta bar ta sakin layi kawai.

Na ce, "To ita burauzar wa yak koya mata aiki? Mai hankali ba ya barin kalma guda ƙasa."

Ta yi dariya ta ce a nan kam ina da abokan faɗa a duniya. Tsohuwar hanyar burauza ita ce ta yi ta cusa kalmomi har layi ya cika, ta sauka, ba ta duban abin da ke gaba. Masu ƙera su sun daɗe suna jin ƙorafi irin nawa. Yanzu sun fito da wani umurni da mai shafi zai rubuta, wanda ke ce wa burauza ta dubi sakin layi kafin ta yanke, ta guji barin kalma ita kaɗai. Ta ce ta riga ta sa shi a shafinta. Ta nuna mini a sabuwar waya: "su" ɗin nan ta samu abokiyar zama. A wata sabuwar ma an gyara, amma ba wuri ɗaya suka yanke ba. A tsohuwar mai roba kuwa tana nan ita kaɗai.

"Mi ya sa ba su yi iri guda ba?"

Ta ce masu ƙera burauza sukan zauna su yi yarjejeniya kan ƙa'ida, don shafi ɗaya ya buɗu a ko'ina. Sun yarda da sunan umurnin da abin da ake nufi da shi, amma an bar wa kowa yadda zai yi. Wata layukan ƙarshe kawai take gyarawa, wata takan dubi sakin layin duka. Tsohuwar da ba ta san umurnin ba sai ta tsallake shi ta yi yadda ta saba, rubutun dai yana karantuwa. Na ce to su kunna wa kowa mana, a huta. Ta ce abin da suke tsoro ke nan. Akwai tsofaffin shafuka ba iyaka da aka auna su a kan tsohuwar hanya, masu su wasu ma sun mutu. In aka sauya yankan layi ga kowa rana ɗaya, wani sakin layi zai ƙara tsawo, rubutu ya fita daga akwatinsa, ya hau kan wani abu. Kuma dogon lissafi yana iya nauyaya wa ƙaramar waya.

"Akwai dabarar da za ni iya yi in tilasta ma kowace waya ta jera maka gefen dama," in ji ta. "Ko in ɗauki hoton takardunka in sa. Zai yi kyau ga mai babbar waya. Amma hoto in an ƙara mishi girma ba ya naɗewa, sai mutum ya yi ta ja dama da hagu. Kawu Bube ba zai iya ba. Wannan kam ba ni yi, Baba. Gara in cire, in ka ce in cire."

Na ci gaba da jan rubutun a ƙaramar wayar, ina neman abin da zan kama. Na kuwa samu. Waƙar masu ginin rijiya da na sa a ciki, wadda ɗaya ke bayarwa daga ƙasa na sama su amsa, ita ma ta narke ta zama zance. Na ce wannan fa? Ta karanta, ta dafe kai.

"Wannan laifina ne. Waƙa ba a taɓa layinta. Na share su duka ban duba ba."

Nan take ta mayar da su, ɗango bayan ɗango, ina faɗa mata inda ake numfashi. Raina ya ɗan yi sanyi, ba don na ci ta ba, don na ga ba raini ne ya sa ta yi abin da ta yi ba. Na ce mata maganar da na yi a waya game da ubanta, ta yafe mini. Ta ce ai da yana raye shi zai fara cewa in cire tabarau in daina kallon gefen takarda.

Na kwance ledar. Na ce ba wanda zai buga mini rubutu ina raye, ta ba ni kujera. Na zauna, na gyara hannun riga, na ɗaga kai sama yadda na saba, na saki yatsu. Da na duba gilashin sai na ga wani yare da ban sani ba. Ashe kwamfutocin Nijar jerin Faransa gare su, baƙaƙen ba a wurin da na san su suke ba. Rabi ta yi dariya har da hawaye, mijinta ya leƙo yana tambaya ko Zabarmanci nake koyo. Ta sauya mini jerin zuwa namu. Amma babban aikin ɗan yatsana na dama ne. Duk sanda na kai inda layi ya kamata ya ƙare, sai ya tafi maɓallin sauka da kansa. In goge, in ci gaba, ya sake tafiya. Daga baya na naɗe shi da tsumma. Kwanakin da na yi a gidan a wannan kujerar suka ƙare, da burodin da na koyi jiƙawa a shayi.

A hanyar dawowa na sake sauka Gidan Rumji. Na ce wa Bube ya buɗe salularsa. Ya buɗe, ya ga sabon rubutu, ya dube ni, ya gyara zama a tabarma. Surukarsa da wasu mutanen Turba da ke maƙwabtaka da shi suka matso. Ya fara karantawa da ƙarfi, kalma uku-uku a layi, yana ja da babban yatsa. Ban ji yankan layin a bakinsa ba ko kaɗan. Ya karanta 'yan koli, ya tsaya ya ce na yi ƙarya, ba daga Isa mai jan jakin nan yake ba, daga Shinkafi yake. Aka yi gardama, aka ba shi gaskiya.

Sai ya zo kan matan Turba masu nono, yadda suke shigowa kasuwa a jere da hantsi, ƙore a kansu, da wata doguwa a cikinsu wadda ba ta rage wa kowa ko ƙara wa kowa, sai wani malamin dabbobi da take cika wa ludayi har ya zuba. Sunanta, Dije, yana tsakiyar layi. Nan ya tsaya. Ya kife wayar a cinyarsa, ya daɗe yana kallon zana. Can ya ɗaga ta, ya share gilashin da bakin rigarsa, ya ci gaba daga kalmar da ke biye.

Da safe, kafin Tanko ya iso, na yi masa ta'aziyyar Dije baki da baki. Ya ce ya karɓa, amma da sharaɗi: in kira Rabi a gyara zancen mai jakin kafin mutanen Shinkafi su gani. Na kira ta a gabansa. Kafin mu gama ɗaure kaya ta gyara.

Wannan karon buhun albasa ne a bayana, don haka idan wani ya ce muku ya ga Garba Tafireta ya shigo gari yana hawaye, ku ce masa albasa ce.